Babi na Biyar: Sauron Ambursa da Danginsa

A shekarar 1954 aka fara wani aikin gwaji a yammacin lardin Sakkwato. Ma'aikata suna bin ƙauyuka gida-gida suna feshin maganin ƙwari a jikin bango, don a ga ko za a iya katse zazzaɓin cizon sauro daga tushe. Cikin magungunan da aka fesa akwai dieldrin, wanda a lokacin ake ganin ba ƙwaron da zai taka shi ya kwana. Ba a cika shekara biyu ba, a 1955, sai aka lura cewa a yankin Ambursa, kusa da Birnin Kabi, sauro yana sauka a bangon da aka fesa, ya huta, ya tashi garau. Wannan ne karon farko da aka tabbatar babban sauron maleriya na Afirka ya yi wa maganin feshi taurin kai.

Aka kai irin sauron nan Landan, wurin wani masanin ƙwari mai suna George Davidson. Shi abin da ya dame shi kawai ya san yadda ake gadon wannan taurin kai, don haka ya riƙa haɗa barbara tsakanin sauron da magani ba ya kashewa da wanda yake kashewa, daga garuruwa daban-daban na Afirka. Ya sami amsar da yake nema, domin ƙwayar gado guda ɗaya ce take ɗauke da taurin. Sai dai ya ci karo da abin da bai nema ba. A wasu haɗe-haɗen, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe suna girma lafiya, matan suna haihuwa, amma mazan bakararu ne. In an feɗe su a ƙarƙashin madubin likita, sai a ga ba maniyyi mai amfani a jikinsu. Duk wanda ya san alfadari ya san ma'anar wannan: doki da jaki suna iya haɗuwa su haifi ɗa ƙaƙƙarfa, amma zuriyar daga kansa take tsayawa, domin iyayen ba jinsi ɗaya ba ne. A 1962 Davidson ya raba sauron gida biyu, ya kira su A da B.

Kafin nan, tun 1902 da aka raɗa masa suna Anopheles gambiae, galibi an ɗauka ƙwaro ɗaya ne tun daga gaɓar Sanagal har Mozambik. Yau ana lissafa aƙalla jinsi tara a wannan dangi, kuma ko gwanin gwanaye ba ya iya bambance manyansu da ido, ko da ya sa madubi. Akwai melas mai ƙyanƙyasa a ruwan gishiri na gaɓar Afirka ta Yamma, da merus a gaɓar gabas. Akwai bwambae wanda duniyarsa ba ta wuce kewayen wasu maɓuɓɓugan ruwan zafi a Yuganda ba. Akwai quadriannulatus na kudancin Afirka, wanda jinin dabbobi yake so, kuma ba ruwansa da yaɗa zazzaɓi. An sa wa na Habasha suna amharicus a 2013, na dajin Gabon kuma fontenillei a 2019. Wanda Davidson ya kira B shi ne arabiensis, sauron busasshiyar ƙasa, wanda in ya sami saniya ya sha, in ya sami mutum ya sha, a ɗaki ko a waje. A kuwa, wanda ya riƙe sunan gambiae, mutum yake bi, kuma har cikin ɗaki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar suna ce ta masana. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263, mutum 597,000 suka rasu, galibinsu yara ƙanana a Afirka, kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Najeriya suke. In ma'aikacin lafiya ya kama sauro ɗari a wani gari bai san ko masu cizon mutum ne ko masu cizon shanu ba, bai san ko aikinsa yana ci ko ba ya ci ba, kuma rayukan yara ne a tsakani.

Mutumin da ya fi kowa buɗe wa duniya ido a wannan fage Ba'italiye ne, Mario Coluzzi na jami'ar Roma, kuma wani babban kaso na abin da ya gano a ƙasar Hausa ya gano shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani gagarumin bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An fesa maganin propoxur a ɗakuna a daminar 1972 da ta 1973, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da rabon maganin zazzaɓi ga kowa da kowa. Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma yawan mutanen da ake samun ƙwayar cutar a jininsu bai ragu da fiye da kusan kashi 25 cikin ɗari ba a inda feshi kaɗai aka yi, kuma da aka daina, zazzaɓi ya dawo gidan jiya.

Aikin Coluzzi aikin haƙuri ne. Ana neman macen sauro wadda ta sha jini, ƙwan cikinta ya fara girma amma bai nuna ba, wato cikin ya kasu rabi jini rabi ƙwai. A jefa ta cikin ruwan adanawa, daga baya a zare mahaifar ƙwan da tsinin allura, a ɗiga mata rini, a danne ta tsakanin gilashi biyu da babban yatsa. A cikin ƙwayoyin da ke ciyar da ƙwan akwai zaren gado, wanda masana ke kira kuromosom, da ya ninku ya yi kauri har ana ganinsa da madubin likita, da ratsi-ratsi masu duhu da masu haske a jere. Jerin ratsin nan ba ya canzawa a cikin jinsi guda, don haka wanda ya haddace shi zai iya cewa wannan arabiensis ce, waccan gambiae ce. Coluzzi da abokan aikinsa sun duba dubban sauro a haka, ɗaya bayan ɗaya.

A nan suka ga wani abu kuma. A jikin wasu sauron, wani dogon sashe na zaren a juye yake: a can baya cikin tarihin zuriyar ya tsinke, ya sake manne wa, amma kai ya koma gindi. In sauro ya gaji miƙaƙƙen sashe daga uwa, juyayye daga uba, sai a ga zaren ya yi zobe a wurin, domin ta haka kawai biyun za su iya jeruwa. Muhimmancin juyin shi ne wannan: a al'ada, duk lokacin da jiki zai yi ƙwai ko maniyyi, zaren uwa da na uba suna musayar gutsattsari, gado ya cakuɗe. A inda aka sami juyi, musayar ba ta yiwuwa yadda ya kamata, sai sashen ya riƙa wucewa ɗungurungum daga kaka zuwa jika. In ƙwayoyin gadon da ke cikinsa sun dace da wani yanayi, to sun zauna tare ke nan, ba mai raba su.

Ɗaya daga cikin waɗannan juye-juye ana kiransa 2La. Da aka bi Najeriya daga kudu zuwa arewa ana kama gambiae, sai aka ga a kurmin kudu mai laima da wuya a sami mai ɗauke da shi, yana ƙaruwa ana hawowa, har a zo ƙasar Kano inda kusan kowane sauro yana da shi. Ko a gari guda, yawan masu juyin yakan hau da rani ya sauka da damina. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna masu shi sun fi jure bushewar iska. Abin da ya fi shafar Garki kuwa shi ne, nau'o'in da suka saba da bushewa an fi samun su suna hutawa cikin ɗaki, domin da dare iskar ɗaki ta fi ta waje bushewa, sauran kuma sun fi karkata ga hutawa a waje. Masu tsara feshi sun yi lissafi a kan cewa kowane sauro yana da rabo daidai na sauka a bangon da aka fesa. Ashe akwai waɗanda halin gado ne yake fitar da su waje bayan sun sha jini, yau da gobe da jibi, kuma su ne suka ci gaba da raba cuta. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada da aka koya a Garki, kuma har yau ba mu gama aiki da shi ba.

Daga nan labarin ya koma Mali, inda Yeya Touré ya yi shekaru yana aiki tare da Coluzzi. A ƙauyukan da ke kewayen Bamako, sun tarar da gambiae masu tsarin juyi iri-iri suna kwana a ɗaki guda, suna cizon mutum guda, amma 'ya'yan gaurayen da lissafi ya ce dole a gani in suna auratayya, babu su, ko kuma sun yi ƙaranci ƙwarai. Suka ba nau'o'in sunayen wurare da yanayi, irin su Mopti, Bamako da Savanna. Zuwa 2001, Alessandra della Torre da abokan aikinta sun daidaita wata alama a cikin DNA, a kan kuromosom X, wadda ta raba gambiae gida biyu, M da S. Abin da ya rikita masana shi ne, in an kulle M da S a keji suna barbara, kuma 'ya'yansu maza da mata duk suna haihuwa. Gwajin Davidson ba zai taɓa raba su ba. Amma a daji, a yawancin Afirka ta Yamma, ɗan gauraye bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

An karanta kundin gadon gambiae gaba ɗaya a 2002, haruffa kimanin miliyan 278. A 2005 wasu masana a Amurka suka kwatanta M da S, suka ce bambancin ya taru ne a 'yan wurare ƙanana, sauran kundin kuwa kusan ɗaya ne, suka kira wuraren tsibiran rabuwar jinsi. Shekara biyar bayan haka, a Oktoban 2010, mujallar Science ta buga aikin Mara Lawniczak ta Imperial College a Landan, tare da Nora Besansky ta jami'ar Notre Dame da wasu da dama. Sun karanta kundin M da na S, dukansu 'yan asalin Mali, harafi da harafi, suka ga bambancin ya bazu a sassa da yawa na kundin, ya zarce abin da aka zata, har da ƙwayoyin gadon da suka shafi girma, garkuwar jiki da jure maganin ƙwari. Suka ce rabuwar ta yi nisa. A 2013 Maureen Coetzee ta Afirka ta Kudu da abokan aikinta suka ba M suna na kansa, Anopheles coluzzii, don girmama Coluzzi wanda ya rasu a 2012. S ya ci gaba da amsa sunan gambiae.

To me yake raba su, tunda jininsu bai ƙi juna ba? Abu na farko ruwa ne. Gambiae ɗan damina ne. Yana zuba ƙwai a ruwan da ya kwanta a sawun kofato, ko sawun taya, ko ramin da aka haƙa don yin tubali, ruwan da rana za ta shanye cikin kwanaki. Tsutsarsa tana tseren girma kafin wurin ya ƙafe. Coluzzii ya fi son ruwa mai daɗewa, musamman gonar shinkafa da bakin madatsar ruwa. Irin wannan ruwa cike yake da ƙwarin da ke cin tsutsar sauro. A kwarin Kou, kusa da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, Abdoulaye Diabaté da abokan aikinsa sun sa tsutsotsin biyu a ruwa guda. Inda ba ƙwarin nan masu cin tsutsa, gambiae ne kan gaba. Inda aka bar masu cin tsutsar, coluzzii ya fi tsira, domin tsutsarsa ta iya lafewa ta daina motsi in ta ji haɗari.

Na biyu shi ne wurin neman aure. Da zarar rana ta faɗi, mazan sauro sukan taru su yi cincirindo a iska, sama da kan mutum kaɗan, suna kaiwa suna komowa a wuri guda na kusan minti ashirin zuwa talatin, sannan su watse. Mace takan kutsa cikin taron, namiji ya cafke ta, su fice tare, kuma galibi sau ɗaya take barbara a rayuwarta. Wurin taron ba ya canzawa, gobe ma nan za su dawo. A ƙauyen Donéguébougou na Mali, an bi waɗannan taruka da ragar kamu, aka ga mazan gambiae suna taruwa a kan fili fetal, mazan coluzzii kuwa sai inda launin ƙasa ya bambanta, kamar bakin rijiya, tulin shara, ko inda ciyawa ta haɗu da turba. Taku kaɗan ne tsakanin wannan taro da wancan, a unguwa guda, a magariba guda, amma da wuya a sami baƙo a cikinsu. Akwai kuma binciken da ya nuna namiji da mace suna daidaita sautin fikafikansu da juna a lokacin tashi, kuma daidaitawar ta fi yiwuwa in jinsinsu ɗaya.

Sai dai katangar ba ta rufu ruf ba, kuma nan ne abin ya fi tayar mini da hankali. A Gini Bisau an sami wuraren da 'yan gauraye suka haura kashi 20 cikin ɗari. Ko inda suke da ƙaranci, tunda suna haihuwa, suna iya ɗaukar ƙwayar gado daga wannan gida su kai wancan. Akwai wani canji da ake kira kdr, harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon da ke tafiyar da jijiyoyin sauro, sai maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi ya rage kama shi. A Afirka ta Yamma a jikin gambiae aka fara ganinsa. A wani ƙauye na kudancin Mali da masana suka daɗe suna bibiya, coluzzii ba shi da kdr sai a 2006, daidai lokacin da aka tsananta rabon gidan sauro mai magani. A shekarar aka sami ɓarkewar 'yan gauraye na ɗan lokaci, kdr ya tsallaka, ya bazu a cikin coluzzii, sannan kowa ya koma taronsa. An ga irin haka a Gana. Wato coluzzii ya karɓi makamin ɗan uwansa ba tare da ya daina zama coluzzii ba. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu na Liverpool suka ba da rahoton coluzzii mai yawan kdr a Auyo da Bunkure, dukansu yankunan noman rani da ruwa ba ya yankewa.

Rani ma kowa da yadda yake tsallake shi. A ƙauyen Thierola da ke Sahel ɗin Mali, inda ruwa kan ƙafe ƙaf na wata shida zuwa bakwai, Tovi Lehmann da abokan aikinsa 'yan Mali sun shafa wa sauro kusan 7,000 alamar fenti a ƙarshen damina suka sake su. Bayan wata bakwai, da ruwan farko ya sauka, suka kama mace guda mai alamar, da ranta, kuma coluzzii ce, alhali sauro a al'ada makonni kaɗan yake yi a duniya. Ƙirgen da suka ci gaba da yi shekara da shekaru ya nuna coluzzii yana bayyana da yawa cikin kwanaki kaɗan bayan ruwan farko, tun kafin a ce an yi sabuwar ƙyanƙyasa, shi kuwa gambiae sai damina ta yi nisa yake isowa. Na farko yana laɓewa ne a nan gida ya jira, na biyu daga nesa yake dawowa. Da suka ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan suka tura sama, tsakanin mita 40 zuwa 290, sun kamo sauron Anopheles da iska ke tafe da su cikin dare, yawancinsu mata waɗanda suka riga suka sha jini, kuma lissafi ya nuna suna iya cin kilomita ɗaruruwa a dare guda.

Rabuwar ba ta tsaya a waɗannan biyu ba. Hanyar da aka saba kama sauro ita ce a shiga ɗaki da sassafe, a shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado, a rufe ƙofa da taga, a yi feshi, a jira minti goma, a tsince abin da ya faɗo. Wanda ba ya kwana a ɗaki ba zai taɓa faɗowa kan zanen nan ba. A 2011 wasu masana da suka ɗebo tsutsa kai-tsaye daga kududdufai a Burkina Faso suka reno ta, sun gano wani rukuni da ba a taɓa kamawa a ɗaki ba, suka kira shi Goundry, sunan ƙauyen da ke kusa. Da aka shayar da shi jinin masu ɗauke da cutar, ya fi sauron ɗaki kamuwa. Shi ma Anopheles funestus, wani babban mai yaɗa maleriya daga wani dangin dabam, an same shi ya kasu nau'i biyu a Burkina Faso, Folonzo da Kiribina, na biyun kuma ya fi yawa kusa da gonakin shinkafa. Sannan a 2017, da aka karanta kundin gadon sauro 765 daga wurare 15 na Afirka, an sami gurabe sama da miliyan 50 inda harafi yake bambanta tsakanin wannan sauro da wancan. Ƙwaro mai irin wannan tarin bambanci, duk abin da aka jefe shi da shi, da wuya a rasa wasu a cikinsa da za su jure.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne hannunmu yana cikin wannan al'amari dumu-dumu. Kowace madatsar ruwa da aka gina, kowace fadama da aka mayar gonar shinkafa ta rani, fili ne aka buɗe wa coluzzii, kuma zazzaɓin da da yake tafiya da damina sai ya sami wurin zama har bazara. Ba ina cewa a daina noman rani ba, abinci dole ne. Ina cewa ne wanda ya tsara madatsar ruwa ya kamata ya tsara da masanin ƙwari a gefensa. Haka gidan sauro: ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, kuma kowa ya kwana a cikinsa. Amma a yammacin Kenya, bayan shekaru ana amfani da shi, gambiae mai shiga ɗaki ya ja baya ƙwarai, arabiensis mai iya cizo a waje ya zama shi ne mafi rinjaye a abin da ya rage. Masu ƙoƙarin sauya ƙwayoyin gadon sauro don zuriyarsa ta ƙare su ma tambayar wane jinsi ne tana gabansu. A 2018 an nuna a keji a Landan cewa hakan na iya shafe taron sauro cikin zuriya 7 zuwa 11, amma a daji dole a san wane jinsi aka nufa, da kuma wanne ne canjin zai iya tsallakawa ya shiga.

Tun 1993 akwai gwajin DNA da ke faɗin jinsin sauro cikin yini guda, ko da ƙafarsa ɗaya aka samu, kuma jami'o'inmu suna da matasan da suka iya shi. Yanzu gidan sauro ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ɗauke da PBO, wanda ke toshe sinadaran da sauro ke narkar da guba da su, amma ba ya gyara matsalar kdr. Akwai mai chlorfenapyr, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2023, shi kuma ta wata hanya dabam yake kisa, ba ta jijiya ba. Kafin jiha ta yi odar miliyoyin gidajen sauro da za a kwana a ciki shekara uku, ya kamata a ce wani ya je Auyo, ya je Bakalori, ya je fadamun Argungu da na Gaya a Nijar, da damina da kuma rani, ya kama na ɗaki, ya ɗebo tsutsar kududdufi, ya rubuto wane jinsi ne a wurin, da ƙarfe nawa yake cizo, da kuma wane magani ne har yanzu yake kashe shi.